Lamba Biyu: Tafiyar Shehu Abdullahi Daga Sakkwato Zuwa Rasha, da Rabon Mai Tsaron Baya

Ranar 7 ga Oktoba, 2017, a filin wasa na Uyo, Najeriya na neman nasara ɗaya tak a kan Zambiya domin ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta Rasha. An haura minti saba'in babu ci, 'yan Zambiya kuwa sun hana kowa sakat. Sai Victor Moses ya samu ƙwallo ta ɓangaren dama, wani ɗan wasan baya ya zagayo shi da gudu, ya karɓa, ya kai kusa da layin ƙarshe, ya mayar da ita baya cikin da'ira. Alex Iwobi, wanda bai daɗe da shigowa daga benci ba, ya ɗora mata ƙafa ta faɗa raga. Da wannan ci Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da zuwanta Rasha.

Duk wanda ya kalli wasan a gidajen kallo na Wunti ko Yelwa ko Jahun a nan Bauchi zai faɗa maka sunan Iwobi ba tare da ya yi dogon tunani ba. Wanda ya yi gudun, ya buga ƙwallon da aka ci, shi ne Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato, wanda ya yi suna a Kano Pillars. Kaɗan ne ke tuna wannan. Abin da aka fi tunawa da shi a waccan shekarar wani abu ne daban da ya faru bayan wata ɗaya, kuma ba laifinsa ba ne. Za mu zo kai.

Daga Sakkwato zuwa Ƙofar Mata

An haifi Shehu ranar 12 ga Maris, 1993. Ya shiga idon jama'a a Kano Pillars a daidai lokacin da ƙungiyar ke cin zamaninta. Pillars ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2012 da 2013 da 2014 a jere, kuma filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama wurin da baƙo ba ya fita da nasara: kimanin shekara goma sha biyu aka yi ba a ci Pillars a gida a gasar ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. Yaron da ya samu riga a irin wannan ƙungiya, a gaban 'yan kallon da ba sa yafe sakaci, ya sha horon da babu makarantar ƙwallon da za ta ba shi.

Asalinsa ɗan tsakiya ne mai tare hari, irin wanda ke tsayawa gaban 'yan baya yana yanke ƙwallo kafin ta iso su. Wannan ya bi shi duk tsawon sana'arsa. Idan koci ya rasa lamba biyu, Shehu. Idan ya rasa mai share tsakiya, Shehu. Mutane kan ɗauki hakan a matsayin yabo, kuma yabon ne, amma yana da tsada. Ɗan wasan da ya iya ko'ina yakan zama wanda ake cike gurbi da shi, ba wanda ake gina ƙungiya a kansa ba.

A 2013 yana cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da John Obuh ya kai gasar duniya a Turkiyya, inda Yurugwai ta fitar da Najeriya a zagaye na biyu da ci 2-1. A cikin wannan tawaga akwai Aminu Umar, ɗan gaban da ya tafi gasar daga Wikki Tourists ta Bauchi, ya ci Kuba ƙwallo biyu, daga nan kuma ya samu ƙungiya a Turkiyya. Shi da Shehu za su sake haɗuwa a wani babban fage.

Farkon 2014 marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke taka leda a gida kaɗai ke bugawa. Masu bin ƙwallon gida ba za su manta da wasan Maroko ba: an tafi hutun rabin lokaci ana cin Najeriya uku da nema, aka dawo aka rama duka, aka ci na huɗu a ƙarin lokaci. Rabi'u Ali na Pillars na cikin waɗanda suka ci a ranar. Ghana ta tare Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe da bugun fenareti, aka dawo da tagulla bayan doke Zimbabuwe. Wannan gasa ce ta buɗe wa Shehu ƙofar waje.

Hanyar da ba ta bi ta Ingila ba

Yaro a Bauchi idan yana mafarkin ƙwallo, Manchester yake gani, ko Landan, ko Madrid. Hanyar Shehu ba ta bi ta can ba, kuma irin tasa ce hanyar mafi yawan 'yan wasanmu da suka ci abinci da ƙwallo a ƙetare. Ya fara da Qadsia ta Kuwaiti a 2014. Daga nan ya koma União da Madeira a 2015, ƙaramar ƙungiya a tsibirin da aka haifi Cristiano Ronaldo, wadda ta hau babbar gasar Fotugal a wannan shekarar ta kuma sauka a ƙarshen kakar. A 2016 ya wuce Anorthosis a tsibirin Saifurus. A Janairun 2018 Bursaspor ta Turkiyya ta ɗauke shi, inda ya tarar da William Troost-Ekong da Mikel Agu.

Bursaspor ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Ita ce ta ɗauki kofin Turkiyya a 2010, abin da ya girgiza manyan ƙungiyoyin Istanbul. Amma Shehu ya same ta tana gangarowa, bashi ya yi mata katutu, kuma a 2019 ta faɗa rukuni na biyu. Ya zauna da ita a can ƙasan har tsawon kaka guda kafin ya koma Saifurus a 2020, wannan karon Omonia ta birnin Nikosiya. A nan ya ci moriyar haƙurinsa. Ƙarƙashin Henning Berg, tsohon ɗan bayan Manchester United, Omonia ta buga rukunin gasar Europa, ta kuma ɗauki kofin ƙasar a 2021, karo na farko tun 2010. Ya ɗan taɓa Levski Sofiya ta Bulgeriya a 2022, zaman da bai yi tsawo ba.

Ƙasashe biyar cikin shekara tara, kowace da harshenta, da abincinta, da sanyinta. Mai kallo daga nesa zai ce yawo ne. Ni a ganina shaida ce. Ƙungiyoyin irin waɗannan ƙasashe ba sa riƙe baƙo don tausayi. Gurbin ɗan ƙasar waje kuɗi ne, kuma in bai yi aiki ba a wata shida za a sallame shi a kawo wani daga Birazil ko Sabiya. Ɗan bayan da ya yi kusan shekara goma ana sabunta masa kwantiragi, ko wata ƙungiyar na zuwa nemansa, ya tabbatar da wani abin da ba ya fitowa a faifan ƙwallayen da ake yaɗawa a waya.

Manaus, da tagullar da ta zama tilo

Idan za a zaɓi wata guda a rayuwar ƙwallon Shehu, Agustan 2016 ne. Tawagar Samson Siasia ta wasannin Olamfik na Riyo ta maƙale a Atlanta ta Amurka saboda rikicin jirgi da kuɗi. Ba su sauka a Manaus ta Birazil ba sai ranar wasansu na farko, 4 ga Agusta, ana saura sa'o'i kaɗan a take leda da Japan. Babu atisaye a filin, babu hutun kirki, ga zafi da gumin dajin Amazon. Suka ci 5-4, Oghenekaro Etebo ya zura huɗu.

An yi ta murna da biyar ɗin, amma ga ɗan baya huɗun da aka ci su ne labarin. Ƙafafun da suka kwana a kujerar jirgi su ne aka ce su bi 'yan Japan masu saurin tsiya, kuma a ƙarshen wasan an ga yadda suka saki. Abin da ya biyo baya ya nuna gajiya ce ba rashin iyawa ba. An ci Siwidin 1-0, ba a taɓa ragar Najeriya ba. Kolombiya ta yi nasara a wasan da aka buga bayan Najeriya ta riga ta tsallake. A zagayen kwata fainal aka doke Denmak 2-0, John Mikel Obi da Aminu Umar suka ci, nan ma raga ta tsira. Shehu ne ke riƙe da gefen dama, Troost-Ekong a tsakiya.

Jamus ta fi ƙarfinsu a wasan kusa da na ƙarshe. Ranar 20 ga Agusta, a Belo Horizonte, aka buga neman na uku da Honduras. Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya, aka kai uku da nema. Sai Honduras ta farke biyu, na biyun ana daf da tashi. Mintocin ƙarshen nan, waɗanda babu wanda ke sake kallonsu, aikin 'yan baya ne zalla: a sa kai, a sa ƙirji, a fitar da ƙwallo ko ta ina. Wannan tagulla ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samo daga Riyo a duk wasannin da ta shiga. Ɗan Sakkwato a baya, Sadiq ɗan Kaduna da Aminu tsohon ɗan Wikki a gaba: da ƙyar a samu wata rana da 'yan Arewa suka ɗauki nauyin tawagar ƙasa irin haka.

Katin da aka manta da shi

Gernot Rohr ya karɓi Super Eagles a watan da aka yi Riyo, kuma bai daɗe ba ya miƙa wa Shehu lamba biyu. Rukunin neman zuwa Rasha ba na wasa ba ne: Kamaru, Aljeriya, Zambiya. A Satumban 2017 Kamaru ta zo Uyo tana riƙe da kofin Afirka, aka lallasa ta 4-0, bayan kwana uku aka yi kunnen doki 1-1 a Yawunde. Shehu na gefen dama, Troost-Ekong da Leon Balogun a tsakiya, Elderson Echiejile a hagu. Sai wasan Zambiya da muka fara da shi.

A wannan wasan na Zambiya alƙali ya ba Shehu katin gargaɗi. Tun a Nuwamban 2015, a zagayen share fage da Siwazilan, zamanin Sunday Oliseh, ya taɓa karɓar wani. A dokar FIFA, kati biyu a wasannin neman gurbi na nufin dakatarwar wasa ɗaya, ko da shekara biyu ce tsakaninsu, ko da an sauya koci. Wasan da ya rage shi ne na Aljeriya a Kustantin, ranar 10 ga Nuwamba, 2017, wasan da ba shi da wani tasiri tunda Najeriya ta riga ta wuce. Aka sa Shehu. Aka tashi 1-1. A watan Disamba FIFA ta soke sakamakon, ta ba Aljeriya nasara 3-0, ta ci hukumar ƙwallon Najeriya tarar faran dubu shida na Suwizalan.

Sunan da ya cika kanun labarai a lokacin nasa ne. Har yau, duk sa'ad da aka kama wata ƙasa da irin wannan kuskure, sai a jawo "batun Shehu Abdullahi". Wannan rashin adalci ne, kuma ya kamata a faɗe shi a fili. Lissafin kati aikin ofis ne. Kowace tawaga tana da sakatare da jami'an da ake biya domin su riƙe wannan takarda, su sanar da koci kafin ya fitar da sunaye. Ɗan wasan da ƙasarsa ta kira, koci ya ce shiga, ba zai tsaya yana tuna katin da aka ɗaga masa shekara biyu baya ba.

Kuma kada a raina hatsarin da aka tsallake. A 2013 Kef Bad ta je har Tunisiya ta ci 2-0, ta hau saman rukuninta, tana hango gasar duniya karon farko a tarihinta. Aka gano ɗan bayanta Fernando Varela bai gama zaman dakatarwa ba, aka ƙwace nasarar aka ba Tunisiya, mafarkin ya rushe. A 2025 an zabtare wa Afirka ta Kudu maki uku saboda ta sa Teboho Mokoena a wasanta da Lesoto, a rukuni ɗaya da Najeriya. Abin da ya ceci Najeriya a 2017 shi ne tazarar makin da ta riga ta tara, kuma cikin waɗanda suka tara makin har da mutumin da aka ɗora wa sunan laifin.

Minti casa'in a Kaliningrad

Ranar 16 ga Yuni, 2018, Shehu ya fito cikin sha ɗayan farko a wasan Najeriya da Kuroshiya. Aka ci Najeriya 2-0: Etebo ya ci gida, Luka Modric ya ci fenareti. Duka biyun daga bugun kusurwa suka samo asali. Kuroshiyar nan ita ce ta kai wasan ƙarshe a gasar, amma a daren babu wanda ya san haka, aka yi ta zagin tawagar. Rohr ya sauya tsari zuwa 'yan baya uku, ya dawo da Victor Moses ya riƙe gefen dama gaba da baya, lamba biyu ta ɓace daga tsarin gaba ɗaya. Shehu ya koma benci. Daga can ya kalli Ahmed Musa ya ci Aisilan biyu a Volgograd, ya kalli Marcos Rojo ya fitar da Najeriya ana saura minti huɗu a wasan Ajantina.

Sauyin ya yi amfani, ba a musun wannan. Amma haka rabon ɗan baya yake: shekara biyu yana aikin kai ƙasa gasar, wasa ɗaya ya samu a cikinta. Bauchi ma tana da nata a wannan tafiya, domin Patrick Pascal, tsohon ɗan wasa kuma jagoran hukumar ƙwallon jihar, shi ne mai tsara harkokin tawagar a zamanin Rohr.

Bayan shekara guda, a gasar kofin Afirka ta Masar, ya sake fitowa a wasan farko da Burundi a Iskandariyya. Kafin a tafi hutu tsokar cinya ta kama shi, Chidozie Awaziem ya canje shi, kuma Awaziem ne ya ci gaba da riƙe wurin. Najeriya ta ƙare ta uku. Ga kuma Ola Aina da ya taso a makarantar Chelsea, ga Tyronne Ebuehi da ya taso a Holan. Da irin waɗannan yaron da ya koyi ƙwallo a filin ƙasa na Sakkwato ya yi gogayyar riga, ya kuma riƙe ta a shekarun da aka fi buƙatarta. Da ƙarfin Turai ya ja baya, ya dawo Kano Pillars, kuma a kakar 2024/25 shi da Ahmed Musa suka sa rigar Masu Gida tare.

Ba shi kaɗai ba ne

Wani tsohon zance a bakin masu sharhin Kudu shi ne Arewa tana ba da 'yan gefe masu gudu da 'yan tsakiya masu fasaha, amma ba 'yan baya ba. Shekara goma sha biyar ɗin nan sun ƙaryata shi. Musa Muhammed na Kano, lamba biyu, shi ne kyaftin ɗin 'yan ƙasa da shekara 17 da suka ɗauki kofin duniya a Daular Larabawa a 2013. Jamilu Collins na Kaduna ya buga babbar gasar Jamus da Paderborn, ya kuma riƙe gefen hagun Super Eagles. Zaidu Sanusi daga Jega ta jihar Kebbi ya koma Porto a 2020, kuma shi ya ci ƙwallon da ta ba ƙungiyar kofin Fotugal a gidan Benfica a Mayun 2022, ana daf da hura tashi. Abin lura, dukkansu 'yan gefe ne. Mai tsaron tsakiyar baya, lamba biyar ko shida, wanda zai tsaya wa Super Eagles shekaru, shi ne har yanzu muke jira daga wannan yanki, kuma dalilin ba ƙarancin dogayen samari ba ne. Wurin yana buƙatar koyarwa: yadda ake tsayar da layi, yaushe ake fita, yaushe ake ja da baya, yadda ake magana da gola. A filayen unguwa kuwa, wanda bai iya yanka ba shi ake turawa baya, a ce masa ya dinga dokawa gaba kawai.

Bauchi ba baƙuwar babbar ƙwallo ba ce. Filin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi wasannin gasar duniya ta matasa a 1999, ya sake karɓar ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Wikki Tourists ta ɗauki kofin ƙalubale a 1998 bayan ta doke Plateau United da bugun fenareti a wasan da aka tashi babu ci, wato kofin da ya fi kowanne daraja a tarihin ƙungiyar 'yan baya da gola ne suka riƙe shi har aka kai ga fenaretin. A 2016, ƙarƙashin Abdu Maikaba, ta ƙare ta uku a gasar Najeriya, ta samu tikitin gasar Afirka. Tambayi mai son Wikki game da waccan kakar, zai ce maka Godwin Obaje ya ci ƙwallo 18, ya fi kowa a ƙasar. Tambaye shi su wa suka tsare bayan, sai ya ɗan yi shiru.

Ba laifin mai kallon ba ne shi kaɗai. Gasarmu ta gida tana ƙirga ƙwallon da aka ci, amma abin da ɗan baya ya yi, sau nawa ya ƙwace, sau nawa ya ci ƙwallon sama, sau nawa aka wuce shi, ba safai ake rubutawa ba, wasanni da yawa ma ba a ɗaukarsu a bidiyo yadda dillali daga Turai zai zauna ya nazarta. Ɗan gaba yana da lambar da zai nuna. Ɗan baya sai dai a gan shi da ido. Shi ya sa gasa irin CHAN ta zama wa Shehu komai: makonni uku ne da aka haska shi a talabijin, duniya ta gan shi. Wanda bai samu wannan kiran ba zai iya shekara goma yana tsare baya a Bauchi ko Gombe ko Katsina, ana bin sa albashi, gwiwa ta lalace, ya koma gida ba wanda ya sani.

Wikki ta faɗi daga babbar gasar a 2023, ta dawo a 2025. Abin da masu tafiyar da ita za su iya yi ba ya buƙatar kuɗin sayen tauraro: a ɗauki kowane wasan gida a bidiyo a ajiye, a sa mutum ɗaya ya riƙe lissafin kowane ɗan wasa har da katunansa, a samo tsohon ɗan baya ya dinga koyar da 'yan ƙaramar ƙungiya tsayuwa tun suna shekara goma sha huɗu, kuma idan an zo sabunta kwantiragi a ƙarshen kaka, a zauna da lamba biyar kafin wata ƙungiyar ta riga zuwa ƙofar gidansa.